Daga Gammo zuwa Fokilif: Tarihin Jikin Ɗan Dako a Mashigar Kamba

Gabatarwa

Garin Kamba, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Dandi a Jihar Kebbi, yana zaune ne a kusurwar da ƙasashe uku suka kusanci juna. Daga yammacinsa akwai Gaya ta Jamhuriyar Nijar. In aka haye gadar Kwara daga Gaya, an shiga Malanbil ta Jamhuriyar Benin. Daga kudu kuma akwai Lolo da Illo da Tsamiya a ƙasar Bagudo, inda Nijeriya ta yi iyaka da Benin kai tsaye. Masu rubuta tarihin wannan yanki sukan mai da hankali ga kayan da suka ratsa ta cikinsa, tun daga gishiri da goro har zuwa shinkafa. Ba su da laifi, domin kaya su ne ake ƙirgawa, a auna, a yanka musu haraji, a shigar da su littafi. Sai dai kowane buhu da ya taɓa ratsa wannan mashiga, akwai wuyan da ya hau kafin ya hau jaki ko kwalekwale ko mota.

Wannan maƙala ta bi sawun mai wuyan ne. Tambayar da ta sa a gaba guda ɗaya ce: idan kaya suka karya mai ɗaukarsu, wa ke biya? Tambayar tsohuwa ce, amma ta sami sabon kaifi a zamaninmu. Masana'antun shinkafa da manyan ɗakunan ajiya sun iso Jihar Kebbi, kuma irin waɗannan wurare a ko'ina cikin duniya suna tafe ne da fokilif, wato ƙaramar motar nan mai ƙahoni biyu na ƙarfe wadda ke ɗaga kaya ta yi yawo da su a tsakanin mutane. Kafin a fahimci abin da ke faruwa ranar da wannan inji ya haɗu da ɗan dako a fili ɗaya, sai an waiwayi inda ɗan dakon ya fito.

Zamanin gammo

Tun kafin a shata iyaka, ƙasar Dandi mararrabar fatake ce. Arzikinta na farko gishiri ne. A kwarin Foga, wanda ke cikin Nijar ta yau, ba nisa da Kamba, mutane sun daɗe suna kankare ƙasa mai gishiri, su tace ta da ruwa, su dafa ruwan har ya daskare. Matafiyin nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya ratsa kwarin a watan Yunin 1853 a kan hanyarsa daga Gwandu zuwa Sayi, ya kuma bayyana ƙauyukan masu wannan sana'a. Gishirin yakan bazu zuwa kasuwanni irin su Jega, da kuma kudu zuwa ƙasar Bargu, a bisa jakuna da kawunan mutane.

Arziki na biyu goro ne. Ɗaya daga cikin hanyoyin da fataken Hausa ke bi zuwa Gwanja tana haye Kwara ne a wannan yanki, ta wajen Illo ko Gaya, ta ratsa Bargu, ta bi ta Zugu, har ta kai kasuwar Salaga a arewacin Gana ta yau. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi cikakken nazari a kan wannan fatauci a littafinsa na 1980. Ayari yana da tsari mai ƙarfi: madugu ne shugaba, jagaba ya san hanya, uban dawaki yana kula da biyan kuɗin ratse da na fito, malami kuma yana riƙe lissafi. A shekarar 1826 Baturen Ingila Hugh Clapperton ya tarar da wani ayarin Hausawa a Kayama ta ƙasar Bargu, yana komowa daga Gwanja da mutane sama da dubu, maza da mata, da dabbobi masu yawan gaske. Da yawa daga cikin masu ɗauke da kayan bayi ne, wasu kuma 'ya'ya ne da suka yi ƙodago da kawunansu.

Tafiyar ta watanni ce, kuma jiki ne ke biyan kuɗinta. Gammo yana rage zafin kaya a tsakar ka, amma ba ya rage nauyin da ke sauka a wuya da gadon baya da gwiwa. Ga kurkunu da ake kwasa a ruwan tafki, ga hatsarin fito, ga 'yan fashin Bargu da suka yi suna wajen tare ayari. Bayan 1849, lokacin da Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawayen Kabawa, Dandi da Arewa da Zabarma suka mara masa baya, hanyoyin yankin sun ƙara zama abin tsoro. Duk da haka, malamin ayari huhunan goro yake rubutawa, da kuɗin da aka biya a kowane zango. Lissafin nasa na dukiya ne. Bawan da ya faɗi a hanya yakan shiga lissafin a matsayin hasarar ubangidansa, ɗan ƙodago kuwa ba shi da layi ko ɗaya.

Abin da fiƙihu ya tanada

Kada mai karatu ya ɗauka cewa mutanen wancan zamani ba su da hukunci a kan rauni. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda aka wallafa tun ƙarni na 10 kuma har gobe ake karanta shi a zaurukan malaman ƙasar Hausa, ya yi magana a kan dabbar da ta take mutum. Hukuncin shi ne wanda ke kora ta, da wanda ke jan ta, da wanda ke bisa kanta, su ne ke da alhakin abin da ta taka. Ma'ana, abin hawa ba ya ɗaukar laifi, mai sarrafa shi ne ke ɗauka. Fiƙihun Malikiyya ya kuma yanka wa gaɓɓai farashi: ran mutum raƙuma 100 ko dinari 1,000, hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya rabin wannan, yatsa ɗaya raƙuma 10.

Akwai wata hikima a tsarin da ta cancanci a tsaya a kanta. Diyyar kisan kuskure ba a ɗora ta a kan mai kuskuren shi kaɗai. Ana raba ta ga danginsa na wajen uba, waɗanda fiƙihu ke kira aƙila, su biya cikin shekara uku. Ta haka iyalan mamaci ba sa tashi a tutar babu don kawai mai kuskuren matalauci ne, shi ma kuma ba ya durƙushewa. Wannan shi ne ainihin tunanin da inshorar ma'aikata ta ginu a kansa a Turai ƙarnuka da yawa daga baya.

Amma tsarin yana da giɓi biyu a wajen mai ɗaukar kaya. Na farko, raunin bawa ana kimanta shi ne da raguwar farashinsa, kuma ubangidansa ne ke karɓa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na biyu, diyya tana bukatar a sami wanda ya yi ɓarnar. Wuyan da shekara ashirin na dako suka sage, ko bayan da ya ƙage a hankali, ba su da wanda za a gurfanar gaban alƙali.

Zamanin alaro

A ranar 14 ga Yunin 1898 Ingila da Faransa suka rattaba hannu a birnin Faris kan yarjejeniyar da ta raba wannan yanki. Illo da Busa suka faɗa hannun Ingila, Nikki ta faɗa hannun Faransa, aka kuma yi wa layin gyare-gyare a 1904 da 1906. Dandawa da Kyangawa da Bargawa suka wayi gari 'yan uwansu na ƙetare sun zama 'yan wata ƙasa. Tsohuwar mararraba ta zama bakin iyaka.

Sabbin masu mulki sun hana cinikin bayi, amma bukatarsu ga wuyan mutum ta fi ta madugu. Rundunar da ta ci Kano a watan Fabrairun 1903, ta ci Sakkwato a watan Maris, a kan kawunan masu ɗauka ta kai harsasanta da abincinta. Kowane jami'in mulki in zai fita rangadi sai an tara masa 'yan alaro, kalmar da Hausa ta aro daga Yarbanci. A nan ne aka fara yanka wa kayan mutum ɗaya ma'auni, kusan laba 60, wato kimanin kilo 27. An yi haka ne domin jami'i ya san yawan mutanen da zai nema da yawan kwanakin da za a yi a hanya. A Yaƙin Duniya na Farko an kwashi masu ɗaukar kaya daga Nijeriya zuwa Kamaru da Gabashin Afirka, inda cututtuka suka yi musu mummunar ɓarna. Tsakanin 1942 da 1944 kuma aka tilasta wa dubun dubatar talakawan Arewa zuwa haƙar kuza a tsaunukan Jos, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa.

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, amma bai taɓa isa ƙasar Kabi ba. Ko a inda ya isa, bai sauke wa ɗan dako kaya ba. Dalar gyada ta Kano, wadda ake dangantawa da Alhassan Ɗantata, shi ma tsohon bafataken goro, takan ƙunshi buhu kusan 15,000, kuma kowane buhu mutum ne ya hau da shi a ka har ƙoli. Hoton dalar ya zama abin alfahari a littattafan makaranta. Sunayen waɗanda suka gina ta ba su shiga ko'ina ba.

A wannan zamani ne dokar diyyar ma'aikata ta fara shigowa. Jamus ta kafa inshorar hatsarin aiki a 1884, Ingila ta yi tata dokar diyya a 1897. Nijeriya ba ta sami tata ba sai 1941, dokar masana'antu kuma sai 1955. Dokar 1955 ba ta ɗauki wuri a matsayin masana'anta ba sai in yana da ma'aikata 10 ko fiye. An yi waɗannan dokoki ne da ma'aikacin reluwe da na tashar jiragen ruwa da na kamfanin Turawa a zuci, wato mai lamba da takardar albashi. Ɗan dakon da ake biya a kan kowane buhu a bakin kogin Lolo yana can nesa da inuwarsu.

Mota da iyaka

Layin dogo na Faransawa ya taso daga Kwatano ya tsaya a Faraku a 1936. Daga nan manyan motoci ne ke ƙarasawa da kaya zuwa Nijar. Da aka buɗe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a 1958, hanyar ta zama babbar jijiyar kasuwancin Nijar da teku, Kamba kuwa ta zama ƙofar da wani kaso na kayan ke juyowa zuwa Nijeriya. Mota ta kashe ayari, ta kuma haifar da sabon nau'in dako. Tsohon ɗan alaro yana tafiyar yini da kilo 27. Ɗan lodi na tasha taku kaɗan yake yi, amma da buhun shinkafa mai kilo 50, ko na masara da gero wanda kan kai kilo 100, yana hawa katako zuwa bayan tirela, sau da yawa a yini. A 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada nauyin da namiji baligi zai ɗauka shi kaɗai ya wuce kilo 55. Buhun hatsin kasuwanninmu ya kusa ninka wannan.

Rayuwar ɗan lodi a bakin iyaka kuma tana rataye ne da shawarar da ake yankewa a Abuja. A watan Agustan 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, babban dalilinta kuwa shi ne shinkafar waje da ake saukewa a Kwatano a shigo da ita ta ɓarauniyar hanya. An buɗe wasu mashigai huɗu a watan Disambar 2020, amma Kamba sai a watan Afrilun 2022, tare da Jibiya da Idiroko da Ikom. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, har zuwa Maris ɗin 2024. Duk lokacin da aka rufe ƙofa, kaya ba sa daina tafiya. Sukan sauka daga tirela su koma kan babur da kwalekwale da ka, a bi da su cikin dare. Wanda ya ji rauni a irin wannan aiki ba ya kai ƙara, domin aikin kansa laifi ne a idon hukuma.

Zuwan inji

A daidai lokacin da 'yan alaro ke ɗaukar akwatunan yaƙi zuwa Gabashin Afirka, wani kamfani mai suna Clark a jihar Mishigan ta Amurka ya ƙera wata 'yar mota a 1917 domin jigilar kaya a cikin masana'antarsa. A shekarun 1920 aka ƙara wa irin waɗannan motoci ƙahoni da sandar ɗagawa. Yaƙin Duniya na Biyu ya yaɗa su, domin sojojin Amurka sun gano cewa in aka jera kaya a kan gadon katako, mutum ɗaya da inji zai yi aikin mutane da yawa. A 1956 Malcom McLean ya fara jigilar kwantena a jirgin ruwa, daga nan fokilif ya zama abokin tafiyar kasuwancin duniya.

Abin da ya jawo wannan duniya zuwa Kebbi shinkafa ce. A ranar 17 ga Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Banki na ba manoma rance a Birnin Kebbi. A 2016 Kebbi da Legas suka haɗa hannu suka fito da shinkafar Lake. A watan Agustan 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya buɗe masana'antar WACOT a Argungu, wadda aka ce za ta iya sarrafa tan 120,000 a shekara, ban da ta Labana da ke Birnin Kebbi, da ƙananan injinan casa da suka bazu a garuruwan fadama. Wannan ci gaba ne na haƙiƙa, ya kuma samar wa matasa aiki. Fokilif kansa rahama ce ga wuya da baya: abin da mutum 20 za su ɗauka a ka, shi yana ɗagawa a tashi ɗaya. Sai dai a ƙasashen da aka ƙera shi, ya maye gurbin ɗan dako ne. A ƙasarmu kuwa, inda ƙodago ke da araha, yakan zo ya tarar da 'yan dako suna nan, su ci gaba da aiki tare a fili guda. A nan hatsarin yake.

Yadda fokilif ke yin ɓarna

Mai kallo yakan raina shi saboda ƙanƙantarsa da rashin gudunsa. Amma fokilif mai ɗaga tan 2.5 yakan kai kusan tan 4 shi kaɗai, domin an ɗaura masa dunƙulen ƙarfe a baya don ya rinjayi kayan da ke gaba. Nauyinsa ya kai na ƙananan motoci uku. In ya matse ƙafa ko ƙugu da bango, ko da a hankali yake tafiya, ƙashi ba ya jurewa.

Abu na biyu, da ƙafafun baya yake juyawa. In direba ya karya kwana, gindin motar ne ke zabura waje. Mutumin da ya saba da motar titi zai tsaya a gefen baya yana ganin ya kauce, alhali ya tsaya ne daidai inda ƙarfen zai biyo. Abu na uku, kayan da ya ɗauko suna tare wa direba gani, shi ya sa ƙa'ida ta ce in kaya sun yi tsawo a tafi da baya. Shi ma ɗan dako da buhu a kafaɗa, gefe ɗaya na fuskarsa a rufe yake, kansa a sunkuye, kuma sauri yake yi domin a kan buhu ake biyansa. Ƙarar injin casa ta toshe kunnuwa, ƙurar ɓuntu ta rage gani. Ga mutum biyu da ba sa ganin juna suna tafiya a hanya ɗaya.

Direban ma bai tsira ba. Fokilif a kan maƙalai uku yake tsaye: ƙafafun gaba biyu da tsakiyar gatarin baya. In aka ɗaga kaya sama aka juya da sauri, ko aka taka rami, ko aka gitta gangare, sai ya kife. Direban da ya yi yunƙurin tsalle yakan faɗa ƙarƙashin rumfar ƙarfen da aka yi don kare kansa. Saboda haka ne ake koya wa direbobi su ɗaura bel, su riƙe sitiyari, su zauna a ciki in motar za ta faɗi.

A Amurka, Hukumar Ƙididdigar Ƙwadago ta bayyana cewa ma'aikata 614 ne suka mutu a hatsarin da ya shafi fokilif tsakanin 2011 da 2017, ban da raunuka sama da 7,000 a kowace shekara da suka hana mutum zuwa aiki. Wannan a ƙasar da doka ta wajabta horar da kowane direba, da sake gwada shi duk shekara uku, ta kuma hana wanda bai kai shekara 18 ba hawa. Darasin da ke cikin waɗannan alƙaluma shi ne an san su. An san su ne domin ana rubuta kowane rauni, kuma daga rubutun ne aka gano inda ya kamata a gyara.

Doka a takarda

Nijeriya ba ta rasa doka ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta faɗaɗa ma'anar masana'anta har ta haɗa wurin da mutum ɗaya ke aiki. Ta hana a sa wanda ba a horar ba a kan inji mai hatsari, ta wajabta duba na'urorin ɗaga kaya, ta kuma ce duk hatsarin da ya kashe ma'aikaci ko ya kwantar da shi fiye da kwana uku sai an sanar da sufeto. Amma tarar da ta yanka wa mai masana'antar da sakacinsa ya jawo mutuwa ko rauni ba ta wuce Naira 5,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba. Yau wannan kuɗi bai wuce kuɗin kwano kaɗan na shinkafar da ake casawa a wurin ba. A 2018 aka fitar da ƙa'idoji na musamman a kan na'urorin ɗaga kaya. Nijeriya ta kuma amince da yarjejeniyar lafiyar ma'aikata ta duniya mai lamba 155 a 1994, da mai lamba 187 a 2022.

Babban sauyi ya zo ne da Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu. Ta ce kowane mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wani asusu da hukumar NSITF ke riƙewa. Wanda ya ji rauni ba sai ya tabbatar da laifin kowa ba. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya yana da haƙƙin kashi 90 cikin 100 na albashinsa a kowane wata. Dokar ta kuma ambaci mai aikin wucin gadi da wanda aka ɗauka da baki, ba tare da takarda ba. A taƙaice, aƙilar fiƙihu ce ta dawo cikin rigar zamani, kuma a karon farko ɗan dako ya sami layi a littafin doka.

Matsalar tana wajen shiga littafin. Dokar ta bukaci ma'aikaci ya sanar da ubangidansa cikin kwana 14, shi kuma ya sanar da hukuma cikin kwana 7. To, wane ne ubangidan ɗan lodin da helma ya tara da safe a bakin ƙofa, ya raba musu kuɗi da yamma? Kamfani zai ce ɗan kwangila ne ya kawo shi, ɗan kwangila zai ce na yini ɗaya ne. Sai a kai shi wajen mai ɗori, a ba shi abin sayen magani, a ce tsautsayi ne wanda ba ya wuce ranarsa. Imani da ƙaddara gaskiya ne, amma malaman da suka koya mana shi su ne suka koya mana cewa mai jan dabba yana biyan abin da ta taka.

Tarihin kusa ya nuna abin da ke faruwa a bayan katangar da sufeto ba ya shiga. A watan Satumban 2002 gobara ta kashe gomman ma'aikata a wata masana'antar roba a Ikorodu ta Jihar Legas, inda aka ba da rahoton cewa an kulle ƙofofi da dare. A watan Yunin 2020 'yan sanda suka fito da ma'aikata sama da 100 daga wata masana'antar shinkafa a Challawa ta Kano, waɗanda aka hana fita tsawon watanni a lokacin annobar korona. In har za a iya ɓoye mutane masu yawa haka a birni kamar Kano, karyewar ƙafar mutum ɗaya a wani sito na bakin iyaka ba ta da wuyar ɓoyewa.

Kammalawa

Cikin shekara 200 kaya sun sauka daga ka sun hau jaki, sun hau mota, sun hau ƙahon inji. A kowane zango an kyautata lissafin kaya, an bar mai ɗauka a waje. Malamin ayari ya ƙirga huhu, jami'in mulkin mallaka ya ƙirga laba, kwastan ya ƙirga buhu, masana'anta tana ƙirga tan. Bambancin yau shi ne maganin ba shi da tsada, kuma an san shi. A shata wa inji hanyarsa da fenti da shinge, a shata wa masu ƙafa tasu. A tsayar da inji in 'yan lodi suna cikin tirela. Kada a miƙa makulli sai ga wanda aka horar. A sa madubi a kwana, a gyara ƙaho da fitilar baya. Sama da duka, a rubuta sunan kowane ɗan dako da ya shiga ƙofa da safe, ko da na yini ɗaya ne, a kuma rubuta kowane rauni.

Wannan aiki ne da ƙungiyoyin 'yan dako da na direbobi, da sarakunan Dandi da Illo, da malaman da ke karantar da babin diyya, da ofishin ƙwadago na Birnin Kebbi za su iya sa baki a cikinsa tun masana'antun yankin suna ƙuruciya. Masu jari kada su ji tsoron wannan kira, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Shinkafar Kebbi ta ciyar da Legas, ta kuma rage dogaro da ta Kwatano. Saurayin da ya ɗora ta a mota a Kamba ko Bagudo yana da haƙƙin ya koma gida da ƙafafunsa biyu, in kuwa ƙaddara ta faɗa masa, ya tarar da sunansa a rubuce a inda doka za ta gan shi.